Sun sa na juye kifina cikin ruwa a gaban ɗana: muhawarar fatsa a Kogin Lee

Baban Halifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, ina roƙon waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan ta Ingila su warware mini. Na ɗauki yarona muka hau jirgin ƙasa zuwa Broxbourne, bakin ruwan Lee, inda siraran jiragen nan da mutane ke kwana a ciki suke wucewa. Ina da lasisin fatsa, na biya ta intanet, yana cikin wayata. Tun hantsi muke zaune, Allah ya ba mu kifi huɗu masu faɗi kamar faranti, irin wanda suke kira birim, na zuba su a bokiti. Can sai ga wani dattijon Bature da kati rataye a wuya, ya ce shi ne mai kula da wurin a madadin ƙungiyar masu fatsa. Gaskiya bai ɗaga mini murya ba. Amma ya lissafa mini laifi uku: watan Afrilu ba a fatsa a nan, ba ni da tikitin ƙungiyarsu, kuma kifi ba a tafiya da shi gida. Ya tsaya a kaina har na juye bokitin. Biyu suka nutse suka tafi, biyu suka juya ciki sama. Halifa bai ce uffan ba har muka iso gida. Abin da ya ɗaure mini kai, abokin aikina yana fatsa a Ponders End kowane mako cikin wannan watan, ba wanda ya ce masa kanzil, kuma ruwan ɗaya ne. Sannan in lasisi bai ba ni kifi ba, to me na saya?

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai na daɗe da cewa abin nan nasu ba su ba ne, wahalar da kai ne. Mutum ya kwana bakin ruwa cikin sanyi, ya kama kifi, ya ɗauki hoto, ya mayar. Kuma ka tabbata ba don ya ga fatarka ba ne ya zo kanka?

Kawu na Enfield: Auta, bar wannan zargin tukuna. Baban Halifa, sannu da haƙuri. Shekarata 19 ina fatsa a wannan ruwan, kuma abin da dattijon ya faɗa maka duk haka yake, har ma ya yi maka sassauci. Lasisin da ka saya na Hukumar Muhalli ne, izinin riƙe sandar fatsa kawai ya ba ka, kamar lasisin tuƙi da bai ba ka motar kowa ba. Wanda aka kama ba shi da shi, tara na iya kaiwa fam 2,500. Shi kuwa ruwan yana da mai shi. Yawancin Lee yana hannun Canal & River Trust, ƙungiyar da ke kula da hanyoyin jiragen ruwa, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita kuma tana ba ƙungiyoyi hayar gaɓa-gaɓa. Sai ka sayi tikitin yini ko ka shiga ƙungiya. Wuraren da ba a ba kowa haya ba, akwai izininsu da ake kira Waterway Wanderers.

Batun abokinka kuma, nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Dokar Ingila ta rufe fatsar irin wannan kifi a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, saboda lokacin ƙwai ne. Yawancin kanal, wato hanyoyin ruwa da aka haƙa don jirage, an ɗage musu wannan rufewar tun shekarar 2000. To Lee ba kogi ba ne zalla, ba kuma kanal ba ne zalla. Kogi ne da ya taso daga Luton, aka miƙar da shi, aka yanke masa kwana-kwana, aka sa masa ƙofofin ruwa don jiragen kaya su riƙa kai hatsi Landan daga Hertford da Ware. Wani wurin jirgi kan ainihin kogin yake tafiya, wani wurin kuma kan ramin da aka haƙa da hannu. Sai doka ta ja layi a ƙofar ruwa ta Aqueduct, arewa da Cheshunt kaɗan. Daga nan zuwa sama, kogi ne, a rufe yake. Daga nan zuwa ƙasa, kanal ne, a buɗe. Broxbourne na sama, Ponders End na ƙasa. Abokinka bai karya doka ba, kai ka karya ba da sani ba.

Baban Halifa: Ikon Allah. Kawu, ashe ƙofa ɗaya ce ta raba ni da shi. Amma ai kifin bai san ƙofa ba.

Kawu na Enfield: Wannan maganar taka su kansu Turawan suna ta jayayya a kanta. A 2019 hukumar ta nemi ra'ayin jama'a ko a soke rufewar, daga ƙarshe ta bar ta yadda take. Amma ka je ka tsaya a King's Weir, sama da ƙofar kaɗan, ka ga inda tsohon kogin ya rabu da hanyar jirage ya gangara kan tsakuwa. Ruwan nan mai gudu a kan tsakuwa shi ne ɗakin haihuwar wasu kifayen. Kuma a kula: ko a kudu da ƙofar, in ka bar hanyar jirage ka koma kan tsohon kogin da ke gefe, rufewa ta hau kanka.

Ɗan Kabi: Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda muke jin wannan kamar baƙon abu. Auta, ka taɓa zuwa Argungu? Matan Fada ba a shiganta da homa duk sadda mutum ya ga dama. Sarkin Ruwa ne ke da iko da ita, a bar kifi ya huta ya girma, sai ranar da aka buɗe kowa ya faɗa da homarsa da gorarsa. Tun 1934 ake bikin nan, kuma giwan ruwan da ake fitarwa har mutum biyu su kasa ɗagawa, da ana damunsa kullum da ba a same shi ba. Wancan dattijon mai kati Sarkin Ruwan unguwarsu ne, ba wani abu ba.

Auta: Na yarda da hutar da ruwa, Yaya. Amma a Argungu in an buɗe, kifin da ka kama naka ne, a auna, a ba ka kyauta, a ci. Ba wanda ke mayar da giwan ruwa. Nan kuwa ko an buɗe ɗin, sai ka mayar. Abu biyu ne daban, kada mu haɗa.

Ɗan Kabi: Wannan gaskiya ne, na karɓa.

Kawu na Enfield: A kan takarda doka ba ta hana ɗauka gaba ɗaya ba. A kogi, lokacin da yake buɗe, ta yarda mutum ya ɗauki ƙananan kifi 15 a yini waɗanda ba su wuce santimita 20 ba, da kifin da suke kira fayik guda ɗaya da bai wuce santimita 65 ba. Birim ɗinka masu faɗin faranti sun wuce ma'auni. Kuma sama da dokar akwai sharaɗin mai ruwa, kusan kowace ƙungiya ta hana ɗaukar ko ɗaya. In ka ɗauka ba da izini ba, a ƙarƙashin dokar sata ta 1968 za a tuhume ka. Shi kuma kifin nan dogo mai kama da maciji, ko ina ka kama shi dole ka mayar, don ya ƙaranta ƙwarai a Turai.

Malam na Luton: Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ni damuwata ba ta dokar Ingila ba ce. Allah ya halatta mana farautar ruwa da abincinsa, aya ta 96 cikin Ma'ida, ya ce jin daɗi ne gare ku da matafiya. Kama kifi don ci ba magana. Amma a soka wa mai rai ƙugiya a baki, a ja shi yana fisge-fisge, a fito da shi inda ba ya iya numfashi, ba don yunwa ba sai don nishaɗi, a nan zuciyata ba ta kwanta ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Ba fatawa nake bayarwa ba, kuma malamai sun yi magana ta fuska fiye da ɗaya. Sai dai ina ganin wanda ya kama ya ci ya fi kusa da dalili a kan wanda ya kama ya saki.

Na Hambug: Malam, maganarka kamar a bakin Bajamushe. Mu nan Jamus abin a juye yake. Kafin a ba ka takardar fatsa, a yawancin jihohi sai ka yi karatu ka ci jarrabawa, har da yadda ake kashe kifi nan take ba tare da azabtarwa ba. Dokar kare dabbobi ta ce ba a cutar da dabba sai da dalili mai ma'ana, kuma ci shi ne dalilin da aka sani. Wanda ya fita da niyyar ya kama babban kifin nan da suke kira kaf ya yi hoto ya saki, yana iya samun kansa a kotu. Siwizalan ma ta hana fita fatsa da niyyar saki. Wato da Baban Halifa a bakin kogin Elbe yake, cikin lokacin da aka buɗe, da takardunsa, da shi ne mai bin ƙa'ida, dattijon mai kati kuma shi za a yi wa kallon mai laifi.

Auta: To kun ji. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Kawu na Enfield: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ba zan yi jayayya da aya ko hadisi ba, kuma tambayarka ta daɗe tana zuwa mini, musamman ranar da ƙugiya ta shige can cikin maƙogwaron ƙaramin kifi na kasa cirewa da kyau. Amma bari in faɗi abin da idona ya gani. Ruwan nan siriri ne. Faɗinsa bai wuce ka jefa dutse ya tsallaka ba, zurfin tsakiyarsa da ƙyar ya shanye tsayin mutum. Gefensa a wurare da yawa ƙarfe ne da kankare a tsaye, ba ciyawa, ba fadamar da ruwa zai malala kifi ya yi ƙwai. Birim mai faɗin faranti ya shekara bakwai ko takwas ko fiye kafin ya kai haka, don ruwan sanyi ba ya girmar da kifi da sauri kamar tarwaɗar gida. Mutanen da ke zaune tsakanin Hackney da Hertford kuwa sun fi a ƙirga. In kowa ya zo da bokiti, damina biyu ta ishe shi ya zama kufai. Saboda haka zaɓin da ke gabanmu a wannan ruwan ba tsakanin ci da saki ba ne. Ko a saki, ko a daina zuwa gaba ɗaya.

Kuma masu sakin nan su ne ke biyan kuɗin da ake zuba sabon kifi, su ne ke fara buga waya in sun ga kifi na haki a saman ruwa. Asalin abin ma na talakawa ne. Masu kuɗi suka keɓe wa kansu kifin salmon da tirawut, sauran kifayen suka kira su na gama-gari, suka bar wa ma'aikatan masana'antu. Leburorin Sheffield da Landan, da Lahadi kaɗai suke da ita ta hutu, su suka matsa a kare kifin, har ɗan majalisar Sheffield, Mundella, ya kai dokar da ta kawo rufewar a 1878.

Malam na Luton: Na fahimce ka Alhaji, kuma hujjar kiyaye ruwan tana da ƙarfi. Amma ka ce ko a saki ko a daina zuwa. Ni a wurina daina zuwan ba abin tsoro ba ne. Mutum na iya zama bakin ruwa ya yi tasbihi ba tare da ƙugiya ba.

Maman Biyu: Ku gafarce ni in shigo ta wani gefen, ni aikin jinya nake yi. Baban Halifa, ko da an ba ka izini a rubuce, don Allah kada ka ba yara kifin ƙasan Lee. Ruwan da aka tace daga matatar bahaya ta Deephams a Edmonton ta rafin Pymmes yake bi ya shiga Lee a Tottenham. Duk sadda aka yi ruwan sama mai ƙarfi, dattin tituna da man motoci nan suke gangarawa. A Yulin 2013 bayan wani hadari kifi dubbai suka mutu a wajen Hackney, a farkon 2018 kuma baƙin mai ya malalo ta wannan rafin har ya ɓata tsuntsayen ruwa. Kifin da ya shekara takwas yana kiwo a laka irin wannan, ba abin da zan sa a tukunyata ba ne. Karfasa da tarwaɗa suna nan a kasuwar Ridley Road. Sannan akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a bakin kanal, tana shiga ta ƙaramin rauni. Ku rufe ciwo da filasta, ku wanke hannu kafin cin abinci, in zazzaɓi ya zo bayan kwanaki ku gaya wa likita kun je bakin ruwa.

Baban Halifa: Hajiya na gode, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Can sama wajen Broxbourne ruwan garau na gan shi.

Maman Biyu: Can ya fi na Tottenham, amma garau a ido ba shi ne tsabta ba.

Baban Halifa: Kawu, maganarka ta fadama ta taɓa ni, don na san ta tun kafin in zo ƙasar nan. Ni mutumin Haɗeja ne. Mahaifina yana ba mu labarin yadda ruwa ke malala fadama da damina, kifi ya bi ciyawa ya yi ƙwai, in ruwa ya janye a yi ta su har a rasa inda za a shanya. Da aka gina Tiga a 1974, aka ƙara Challawa a 1992, malalar ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da yawa suka koma noma ko suka yi gaba zuwa Tafkin Chadi. Ni da na taso, abin da ake samu da taru bai kai rabin labarin da ake ba mu ba, ga kuma masu zuwa da raga mai ƙananan ido suna kwashe har 'ya'yan. Na san abin da ke faruwa in an ɗaure kogi. Kawai ban zaci shi nake kallo ba ranar Asabar, don na ga ruwa cike har baki. Abin da ya rage mini shi ne yaron. Shi ya ja na ukun da hannunsa, kuma yana cikin biyun da suka juya ciki. Jiya ya tambaye ni ko mu ɓarayi ne.

Ɗan Kabi: Subhanallah. Ka gaya masa baƙo ne bai san garin ba, ba ɓarawo ba.

Kawu na Enfield: Ka kawo mini shi. Shekararsa nawa? In bai kai 13 ba, ba ya buƙatar lasisi. Daga 13 zuwa 16 kyauta ne amma sai an yi rajista. Mu haɗu ƙasa da ƙofar Enfield bayan asuba, ni zan ji da batun izinin wurin. Lokacin ruwan na kwance kamar tire, hazo na tashi a kansa, masu keke ba su fito ba, jirage ba su fara motsi ba. Zan nuna masa yadda ake auna zurfi da ɗan nauyi kafin a jefa komai, don kanal hawa uku ne: tudu a gabanka, kwari a tsakiya inda jirgi ke bi, wani tudun a ƙetare ƙarƙashin itatuwa. Ƙugiya 'yar mitsitsiya marar ƙayar baya, tsutsa ɗaya ko ɗan ɓargon burodi, sai totuwa siririya da kanta kaɗai ke leƙowa. Ana watsa tsutsa biyar-shida a kai a kai, ba a zuba da yawa. In an buɗe ƙofar ruwa a sama za ka ga ruwan ya fara ja, totuwa ta yi tafiya, in jirgi ya wuce ya tada laka sau da yawa kifi ya fi ci a bayansa. Kifin da suke kira roch ne zai fara zuwa, mai jan ido da jikin azurfa. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada a goge santsin da ke kare fatarsa, a cire ƙugiya, a sa shi cikin ruwa a tafin hannu har ya buga wutsiya da kansa. Birim ɗinka bokiti ne ya kashe su, iska ta ƙare musu.

Abu biyu kuma ga duk mai sha'awa. Kada ku sayi darma ta nauyi daga waje ku zo da ita, an hana matsakaitanta tun 1987 saboda manyan fararen tsuntsayen nan masu dogon wuya suna haɗiya suna mutuwa. Kuma ku ɗaga kai ku duba wayar lantarki kafin ku haɗa sanda, kwarin Lee cike yake da turakun wuta, doguwar sandar kabon kuwa ko ba ta taɓa waya ba wuta na iya tsallakowa.

Auta: Kawu, ni har yanzu ina tare da Malam. Amma in akwai wuri zan zo in gani da idona, ba zan riƙe sanda ba.

Malam na Luton: Ku je da yaron, ya kamata a wanke masa zuciya daga waccan tambayar. Ni dai ina nan kan bakata game da sakin. Alhaji, in mun haɗu Juma'a ina son ka faɗa mini tsakani da Allah, cikin goma da kake saki nawa kake zaton suna rayuwa.

Kawu na Enfield: Zan faɗa maka abin da na gani, Malam, har da waɗanda ban so na gani ba.

Baban Halifa: Shekararsa 9, Kawu. Na gaya masa yanzu, ya ce in tambaye ka ko shi ne zai riƙe kifin a tafin hannu lokacin da za a sake shi. Wane jirgi zan hau daga Edmonton in iso kafin gari ya waye?